Zauren Masu Karatu: Bauɗaɗɗen Tauraro da Labaran Baƙar Gobe a Adabin Amurka

Wasiƙun wannan watan yawancinsu gefe guda suka karkata, wato littattafan Amurka masu zana duniyar da ta lalace suna yi mata dariya, da taurarin da ke yawo a cikinsu, waɗanda ba su kai a kira su gwaraza ba, ba su kuma kai a kira su miyagu ba. Don kada mu yi ta jan kalmomin aro, wanda Turawa ke ce wa antihiro za mu kira shi bauɗaɗɗen tauraro, distofiya kuwa labarin baƙar gobe. Mun rage tsawon wasu wasiƙun.

Salamu alaikum. An ba mu Catch-22 a aji, malaminmu ya ce tauraronsa Yossarian bauɗaɗɗen tauraro ne. Ni dai matsoraci na gani, maƙaryaci, mai kwanciya asibiti da ciwon ƙarya. Mene ne bambancinsa da mugun da ke cikin labari? — Wata ɗaliba, Zariya

Amin wa alaikis salam, 'yar'uwa. Duk abin da kika lissafa gaskiya ne, kuma da gangan marubucin, Joseph Heller, ya ɗora masa su.

Fara da abin da kika sani a gida. Gandoki gwarzo ne: takobi a hannu, ba ya ja da baya, labarin kuma yana yi masa kirari. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja kuwa da wayo da ƙarya yake cin abinci, shi da Malam Zurƙe kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami, amma ba wanda ke karantawa yana fatan a kama shi. Kafin su duka akwai Gizo. Ke nan halittar ba baƙuwa ba ce a wurinki, riga kawai ta sake.

Tambayoyi uku za ki yi wa duk tauraron da ya rikita ki. Da idon wa kike kallon labarin? Me yake nema? Gwarzo yana neman ceton jama'a, mugu yana neman mallake su, shi kuwa bauɗaɗɗe wuyansa kawai yake son fitarwa, a ƙyale shi ya sha iska. Ta ukun ita ce mai rarrabewa: ina ne wurin da ya toge ya ce wannan kam ba da ni ba, alhali togewar hasara za ta jawo masa?

Yossarian mai sakin bom ne a jirgin yaƙi samfurin B-25, sansaninsu na tsibirin Pianosa kusa da Italiya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Burinsa ɗaya, kada ya mutu. Dab da ƙarshe shugabanninsa, Kanar Cathcart da Kanar Korn, suka yi masa tayin da ya fi wanda yake mafarki: a mayar da shi gida, a ƙara masa girma, a gabatar da shi a matsayin jarumi, sharaɗin kawai ya so su, ya riƙa yabonsu. Ya karɓa da farko, don ba waliyyi ba ne. Daga baya ya gane cewa in ya tafi a haka, ya taimaka an toshe bakin sauran da za a ci gaba da turawa. Sai ya warware, ya zaɓi gudu zuwa Siwidin, ya zama wanda soja ke nema ruwa a jallo.

Yanzu dubi Aarfy, mai duba wa jirginsu hanya. Ba ya jin tsoro ko kaɗan, harsashi na ratsa jirgi yana zuƙar lofe yana murmushi. Shi ne ya keta haddin wata 'yar aiki a birnin Rum, ya wurgo ta ta taga ta mutu. Da 'yan sandan soja suka hauro, haƙuri suka ba Aarfy na shigowa ba sallama, suka kama Yossarian don ba shi da takardar izinin shiga gari. A wannan littafin matsoracin ne mai sauran imani, marar tsoron kuma shi ne mugu. In kin rubuta wannan a jarrabawa kin amsa tambayar.

Kakan irin waɗannan taurari a Amurka shi ne Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a can a 1885. Yaro ne ɗan mashayi, maƙaryaci, mai ɗauke-ɗauke. A babi na 31 ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, bawan da ya gudu, sannan ya yage ta, yana mai imani cewa yagewar nan wuta za ta kai shi, don haka garinsu ya koya masa. Zambon yana nan ne: yaron ya yi abin kirki yana ganin zunubi ya aikata.

Na karanta Gandun Dabbobi tun muna sakandare, kwanan nan na gama 1984. Ina son ci gaba da irin waɗannan littattafan Amurka. Da wanne zan fara? — Wani ma'aikacin banki, Kano

Malam, gyara ɗaya kafin amsa. George Orwell, mai littattafan nan biyu, Baturen Ingila ne, Gandun Dabbobi kuma fassarar Bala Funtua ce ta Animal Farm. Aldous Huxley ma ɗan Ingila ne, Margaret Atwood 'yar Kanada ce ko da yake a Amurka ta kafa shahararren labarinta, Zamyatin kuwa ɗan Rasha. Ana yawan zuba su a kwando ɗaya.

Gyaran yana da amfani, domin abin da ke ba kowane ɓangare tsoro daban ne. A wurin Orwell masifa daga sama take saukowa: jam'iyya ɗaya, ido a kowane ɗaki, azaba a kurkuku. Marubutan Amurka sun fi zargin abubuwan da ƙasarsu ke taƙama da su, wato kasuwa, talla, nishaɗi da akwatin zaɓe. A nasu labaran mutane ne ke sayen sarƙar da kuɗinsu, wani lokaci har da layi. Ba doka ba ce marar togiya, amma ko Huxley da ya rubuta duniyar da jin daɗi ya kashe a 1932, daga Henry Ford mai ƙera motoci na Amurka ya sa mutanensa ke ƙirga shekaru.

Fara da Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953. Gajere ne, kashi uku, Turancinsa ba ya wahalarwa. Guy Montag ɗan kwana-kwana ne a zamanin da aikinsu ya koma cinna wa littattafai wuta. Shekara 10 yana yi yana jin daɗi. Ka lura da matarsa Mildred: bango uku na falonsu talabijin ne, tana matsa masa ya saya mata na huɗu a kan dala 2,000, kashi ɗaya cikin uku na albashinsa na shekara, kunnuwanta kuma kullum a toshe da 'yan na'urorin sauraro. Ka kuma tsaya a jawabin shugabansa Kyaftin Beatty, inda yake bayyana cewa mutane ne suka fara barin karatu da kansu, hukuma daga baya ta zo ta sa hannu. Bradbury ya buga rubutun farko a ƙarƙashin ginin laburaren jami'ar UCLA, a keken rubutu na haya, senti 10 kowane rabin awa. Kwana 9, dala 9 da senti 80.

Daga nan sai It Can't Happen Here na Sinclair Lewis, 1935. Sanata Buzz Windrip ya ci zaɓe da alkawarin dala 5,000 ga kowane gida a shekara, ya kafa rundunar 'yan dabarsa masu kaki, ya murƙushe majalisa da kotu. Matar Lewis, 'yar jarida Dorothy Thompson, ta yi hira da Hitler, an kuma kore ta daga Jamus a 1934, saboda haka a teburin cin abincinsa ya ji yadda abin ke faruwa. Mutane da yawa sun ga kamannin Sanata Huey Long na Louisiana a jikin Windrip. An harbe Long a Satumban 1935, makonni kaɗan kafin littafin ya fito. Tauraron, Doremus Jessup, editan jaridar ƙauye ne a jihar Vermont, ɗan shekara 60, mai hangen haɗari yana cewa bari mu gani. Bauɗewarsa ke nan: sanin gaskiya da nauyin jiki. Tsakiyar littafin tana ja, ka yi haƙuri da ita.

Akwai The Iron Heel na Jack London, 1908, kan mulkin masu manyan kamfanoni. Don tarihi ya cancanci a san shi, amma jaruminsa wa'azi yake yi shafi bayan shafi, kuma kullum shi ke da gaskiya. Ka bar shi zuwa ƙarshe.

Sau biyu ina fara Catch-22 ina ajiyewa. Wanda ya mutu a wannan babi sai in gan shi da rai a na gaba. Ni ne ko littafin? — Wani malamin makaranta, Maraɗi

Littafin ne, Malam, kuma akwai mabuɗi. Heller bai jera labarin bisa kwanan wata ba. Babi 42 ne, yawancinsu da sunan mutum guda, kowanne yana kewaya mutumin gaba da baya. Agogon da ya ɓoye a ciki shi ne adadin tashin da Kanar Cathcart ke buƙata kafin a sallami mutum gida. Da 25 aka faro. Hedikwata 40 ta ce. Lokacin da littafin ya buɗe, Yossarian na da 44, an ɗaga zuwa 50. A ƙarshe an kai 80. Ka riƙe fensir, duk inda aka ambaci adadi ka rubuta shi a gefen shafi. Ƙaramin adadi na nufin an koma baya, babba an yi gaba. Kafin babi na goma za ka ga hanya ta fito.

Abu na biyu, ka kama dokar da aka raɗa wa littafin sunanta, domin kowane babi ɗanta ne. Likitan sansani na iya sauke mahaukaci daga tashi, amma sai ya nema da bakinsa. Wanda kuwa ya nemi a sauke shi don tsoron mutuwa ya nuna yana da hankali, saboda haka dole ya tashi. Gaba kura, baya sayaki. Da ka riƙe wannan sai ka riƙa ganinta a ko'ina: Manjo Major da ba a shiga ofishinsa sai ba ya nan, likitan nan Daneeka da aka sa sunansa a takardar jirgin da ya faɗi, aka rubuta ya mutu, aka tsayar da albashinsa, matarsa ta karɓi kuɗin inshora ta ƙaura, shi kuwa yana tsaye yana rantsuwa da ransa. Takarda ta ce ya mutu, magana ta ƙare.

Milo Minderbinder, mai kula da abincin sansani, shi ne inda zambon ya fi kaifi. Yana sayen ƙwai senti 7 a Malta ya sayar senti 5 ya ci riba, don daga hannun kansa yake saye. Ya saye audugar Masar kaf, ta ƙi sayuwa, ya lulluɓe ta da cakulan yana neman sojoji su ci. Ya karɓi kwangila daga Jamusawa ya yi wa sansaninsu ruwan bom, da ya nuna ribar sai aka yafe masa.

Na uku, akwai wani yaro Snowden da ake ta ambata guntu-guntu tun farko, yana cewa sanyi yake ji a bayan jirgi. Kada ka tsallake zuwa gaba don neman bayani. Sai a babi na 41 za a buɗe maka: Yossarian ya buɗe akwatin magani ya tarar Milo ya kwashe allurar kashe zafi ya bar takarda, ya duƙufa ɗaure raunin cinya yana ganin ya yi nasara, ashe mummunan raunin na ƙarƙashin rigar sulke. Duk dariyar da ka yi a baya, nan ake karɓar kuɗinta. Heller kansa ya yi tashi 60 yana mai sakin bom daga tsibirin Kosika. Littafin ya fito a 1961.

Ni marubuciya ce, littattafaina uku duk na zamantakewa. Ina son gwada labarin baƙar gobe mai zambo da Hausa. Yaya ake gina shi, kuma ina ake faɗuwa? — Wata marubuciya, Kaduna

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tubalin farko: ƙarya ɗaya tak aka yarje miki, sauran duk gaskiya ne. George Schuyler, baƙar fata ɗan jarida, ya fitar da Black No More a 1931. Ƙaryarsa guda: wani likita ya ƙirƙiro hanyar mayar da baƙar fata fari cikin kwana 3 a kan dala 50. Daga nan bai ƙara ƙirƙiro komai ba, lissafi kawai ya bi. Wa zai yi hasara? Masu sayar da man bilicin da na miƙar da gashi sun karye. Shugabannin ƙungiyoyin kare baƙar fata sun rasa masu biyan kuɗin ƙungiya. Masu aƙidar fifikon farar fata sun rasa wanda za su tsorata talaka da shi. Sai jarirai suka fara zuwa baƙaƙe, domin injin bai taɓa jini ba. A ƙarshe aka gano cewa waɗanda aka sauya sun fi Turawan asali haske, sai kowa ya koma neman abin da zai duhunta fatarsa. Ki ɗauki takarda, ki rubuta ƙaryarki a sama, a ƙasa ki jera mutum goma, daga mai shayi zuwa mai unguwa, ki rubuta abin da kowanne zai samu ko ya rasa. In ba ki iya cika goman ba, ƙaryar ba ta da ƙarfin ɗaukar littafi, gajeren labari ce.

Ƙaryar kuma daga abin da mutanenki ke alfahari da shi za ki ciro ta, ki ja shi har ya wuce gona da iri. Amurkawa na taƙama da daidaito, sai Kurt Vonnegut a gajeren labarinsa Harrison Bergeron na 1961 ya kai su shekarar 2081, inda mai ƙarfi ke rataye da buhun ƙarfe, kyakkyawa ke sanye da abin rufe fuska, mai basira kuma aka sa masa rediyo a kunne yana fasa masa tunani da ƙara duk bayan daƙiƙa 20. Suna taƙama da kasuwa, sai Pohl da Kornbluth a The Space Merchants na 1953 suka sa sanatoci na wakiltar kamfanoni maimakon jihohi. Naki abin alfaharin ke kika san shi. In kika aro tsoron wasu, mai karatu zai ji baƙon wari tun shafin farko.

Sannan tauraro. Ki sa shi a ciki, yana ci daga tukunyar. Montag ƙona littattafai yake yi. Mitch Courtenay na Pohl da Kornbluth gwanin rubuta talla ne da aka ba aikin yaudarar mutane su ƙaura zuwa duniyar Zahra, wato Venus. Max Disher na Schuyler, da ya zama fari, ƙungiyar masu ƙin baƙar fata ya shiga ya zama mai ba shugabanta shawara, don nan kuɗi yake. Dalilin a fili yake: ɗan ciki ne ya san inda ake raba kaso, shi zai zagaya da mu ofis-ofis ba tare da an tsaya bayani ba. Tsarkakakken gwarzo kuwa daga waje yake tsayawa yana nuni da yatsa, labarin ya koma huɗuba. In kuma ya yi nasara ya gyara duniyar, mai karatu ya rufe littafi hankali kwance, zambon ya mutu. Shi ya sa a ƙarshen waɗannan littattafai tsarin na nan daram ko ya rushe da kansa, tauraron dai gudu ya yi ko ya ƙi sa hannu.

Wuraren faɗuwa da muka fi gani ga su. Babi na farko ya zama darasin tarihi, shafi goma ana bayanin yadda duniya ta lalace. Maganinsa ki fara da mutum yana bakin aikinsa a ranar da ba ta da wani abin mamaki a wurinsa, dokar ta bayyana a aikace cikin shafi biyar. Sai marubuci ya riƙa dariyar barkwancinsa, yana cusa "abin mamaki" da "kai jama'a". Muryar mai ba da labari ta zama kamar ta mai karanta sanarwa, mu za mu yi dariyar. A labarin Vonnegut uwa na kallo aka harbe ɗanta a talabijin, ta yi hawaye, can ta manta dalilin kukan, marubucin bai ce uffan ba. Sai mai kare tsarin ya zama wawa. Ki ba shi hujja mafi ƙarfi a littafin, kamar Beatty da ya fi kowa karatu. Sai wasa ɗaya ya yi ta maimaituwa a tsayi ɗaya. Yana buƙatar tsani, kamar lambobin Cathcart, kowane hawa ya fi na baya tsada. Sai a ɗauka bauɗewa ita ce a ba tauraro sigari da ashar. Bauɗewar da ba ta cutar da wani da muke so ba ado ce kawai. Ki sa lalacinsa ko kwaɗayinsa ya jawo wa wani hasarar da ba ta gyaruwa, a gaban idonmu.

Na ƙarshe, kada ki zana wani ɗan siyasa mai rai sak. Ban da rigimar da zai jawo miki, littafin zai tsufa ranar da mutumin ya sauka. Kin san bambancin habaici da zagi, kin kuma ga yadda yara ke kwaikwayon manya a Tashe ba su kama suna ba, kowa kuma ya gane. Ki tanadi wuri guda, kusan kashi huɗu cikin biyar na tafiyar, inda dariya za ta tsaya cak. A Slaughterhouse-Five na Vonnegut, 1969, bayan an ƙone birnin Dresden na Jamus ƙurmus a Fabrairun 1945, wani dattijon malamin makaranta cikin fursunonin yaƙi aka harbe saboda ya ɗauki butar shayi a cikin kango.

Ɗana ɗan shekara 17 ya kalli Fight Club, yanzu maganar Tyler Durden kawai yake yi. Ashe waɗannan littattafai ba tarbiyya suke ɓatawa ba? — Wani mahaifi, Jos

Alhaji, damuwarka na kan hanya, kuma ka taɓo ainihin inda wannan salo ke zamewa. Littafin Chuck Palahniuk na 1996 yana yi wa abu biyu ba'a: rayuwar tara kaya, da kuma mazan da ke neman maganinta a wurin shugaba mai daɗin baki. Rabin farko Tyler na faɗin abubuwan da ke da ƙamshin gaskiya. Rabi na biyu mabiyansa sun aske kai, sun bar sunayensu, ba sa tambaya, wato sun zama abin da suka gudo daga gare shi. Fim ɗin 1999 ya ba Tyler kyakkyawar fuska da kalamai masu saurin haddacewa, sai matasa da yawa suka riƙe rabin farko suka zubar da na biyu. Kada ka ƙwace, ka tambaye shi: mabiyan Tyler sun fi 'yanci a ƙarshe ko a farko? Wa ya mutu a cikinsu, kuma yaya suka yi da gawar? In ya iya amsawa, ya karanta. In bai iya ba, ku koma tare.

Game da shekaru: American Psycho na 1991 ba na yaro ba ne ko kusa, kamfanin da ya fara karɓarsa ya janye kafin bugawa, a Ostireliya kuma a naɗe cikin leda ake sayar da shi ga manya kawai. Heller da Vonnegut na da ashar ɗin soja da zancen karuwai. Bradbury da Lewis ba abin da zai sa ka sunkuyar da kai.

Su ma can sun yi wannan gardama. A 1973 hukumar makarantar garin Drake a North Dakota ta sa aka jefa kwafi 32 na Slaughterhouse-Five a murhun ɗumama makaranta. Shi kuwa Fahrenheit 451, littafin da ke kan ƙona littattafai, kamfanin da ke buga shi ya tace kalmominsa don 'yan makaranta daga 1967, marubucin bai farga ba sai a 1979.

Duk sunayen da nake ji Turawa ne maza. Baƙaƙen Amurka fa? Kuma gaskiya ne wata marubuciyarsu ta hango siyasar yau tun shekarun 1990? — Wani ɗan zango, Kumasi

Ɗan'uwa, suna nan, kuma nasu ya bambanta da abu guda: ba sa buƙatar tafiya gobe mai nisa, don kakanninsu sun riga sun zauna a baƙar goben. Schuyler mun ambace shi a sama. Invisible Man na Ralph Ellison, 1952, tauraronsa ko suna ba shi da shi; yana zaune a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙwan lantarki 1,369, duk da wutar sata. A masana'antar fenti da ya yi aiki, sirrin farin fentin da suke alfahari da shi ɗigo 10 ne na wani baƙin ruwa a kowane bokiti, a juya har ya ɓace. The Sellout na Paul Beatty, 2015, manomi ne baƙar fata a gefen Los Angeles da aka share garinsu daga taswira; don ya dawo da shi sai ya maido da wariyar launi a bas da makaranta, wani tsoho kuma ya nace sai ya zama bawansa, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Shi ne ɗan Amurka na farko da ya ci kyautar Booker, babbar lambar yabo ta ƙagaggun labaran Turanci, a 2016. Turancinsa cike yake da shaguɓen cikin gida, ba da shi ake farawa ba.

Wadda kake nufi Octavia Butler ce. Parable of the Sower, 1993, ya fara ne a shekarar 2024 a Kalifoniya: fari, gobara, unguwanni masu katanga, 'yan sanda sai an biya. A ci gabansa, Parable of the Talents, 1998, akwai ɗan takarar shugaban ƙasa mai taken mayar wa Amurka girmanta. Ba duba ta yi ba. Ronald Reagan ya yi yaƙin zaɓen 1980 da kusan wannan take, ita kuwa ta saurara. Ka lura nata ba zambo ba ne, ba dariya a ciki, tauraruwarta Lauren Olamina, mai sunan Yarbawa, gina al'umma take yi.

Na kusa da kai shi ne Nana Kwame Adjei-Brenyah, haifaffen New York, iyayensa 'yan Gana. A Chain-Gang All-Stars na 2023 fursunoni ke sa hannu su yi faɗan mutuwa a talabijin, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi da 'yan kallo masu sayen riguna. Wanda ya kai shekara 3 da rai a sake shi. Manyan taurarin mata biyu ne da aka ɗaure kan kisa, marubucin bai wanke su ba. Dabararsa tana ƙasan shafi. Jack London ma ya sa bayanan ƙasan shafi a 1908, amma nasa na wani ƙagaggen masani ne da ke rubutu bayan shekara 700. Na Adjei-Brenyah da yawansu dokoki ne da shari'o'i na gaske. Ka nemo gyara na 13 na kundin tsarin mulkin Amurka, na 1865, ka karanta kafin ka buɗe littafin: ya haramta bauta da aikin tilas, sai dai a matsayin hukunci ga wanda kotu ta kama da laifi.